A ƙirga iccen da ya rayu, ba wanda aka dasa ba

Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar Nijar ranar 3 ga watan Agusta. Al'ada ce mai kyau. Amma ma'aikacin da aka damƙa wa kuɗin jama'a, da manomin da ba shi da jari sai ƙarfinsa da kwanakin rani, ya kamata su tambayi kansu: jikka guda da yini guda, a ina za su fi amfani?

Jihar Maraɗi ta riga ta ba da amsa. Shekaru da dama an kashe kuɗi masu yawa wajen renon itatuwa, da motocin kai su ƙauyuka, da ban ruwa, amma zafi da iska da awaki suka halaka mafi yawansu. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwoyinsu na nan cikin ƙasa. Manomi ya zaɓi tofo mafi ƙarfi, ya sare sauran, ya kiyaye shi. Wannan shi ne sassaben zamani. Kayan aikinsa wuƙa da gatari, kuma kowane gida yana da su.

A yunwar 1984 an ba da cimaka ga masu barin itatuwa cikin gonakinsu, a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, an sare wajen kashi biyu cikin uku. Kyauta ba ta riƙe icce ba. Abin da ya riƙe shi, manomi ya ga gawo ya gyara masa hatsi, kalgo da sabara sun tare iska, mata sun huta da doguwar tafiya neman makamashi. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma da makiyaya da mata, domin hana saran dare. Binciken da aka buga a 2009 ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka farfaɗo a kudancin ƙasa.

Saboda haka duk wanda ke tsara aiki a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, kafin ya sayi dashe dubu, ya dubi abin da kuɗin nan za su yi in an sa su ga horon manoma da tallafin kwamitocin tsaro. Dashe yana da wurinsa, inda ƙasa ta ƙeƙashe babu sauran kututture. Amma a riƙa ƙirga a watan Mayu, bayan rani ya yi nasa hukunci, ba ranar biki gaban manyan baƙi ba.

A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena cikin gonarsa. Ya dace a juya ta cikin Hausa, a karanta ta a cibiyoyin yaƙi da jahilci kafin sassabe mai zuwa.