GYARAN GIDA: Dakali, da ƙasa ko da siminti?

Kaka ta yi. An kai hatsi rumbu, an saida wake da gyaɗa. Yanzu ne magidanta a Kona da ƙauyukan Tasawa da Mayahi suke tunanin gyaran gida. Da yawa suna son su yi dakali a ƙofar ɗaki ko a bakin zaure.

Dakali wurin hutawa ne. Nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake tarbon baƙo. Amma babban aikinsa shi ne tsare gindin bango. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa, sai ya jiƙa, ya zaizaye, wata rana bango ya faɗi. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya faɗi.

Awo kafin saye

Mai gida ya fara da awo. Ga misali: dakali mai tsawon metir 4, faɗin metir 2, tsayin santimetir 40, wato bai kai kamu ɗaya ba. Wannan ya ishi mutum biyar ko shida su zauna. Akwai hanya uku ta gina shi.

Hanya ta 1: ƙasa zalla

A gina gefe da tubali, a cika ciki da ƙasa, mata su yi daɓe a sama. A yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, don daɓen ya yi ƙarfi. Ba a sayen siminti ko buhu ɗaya. Sai dai ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayi ba ya gini. Dole a ɗauko ƙasa mai danƙo daga tabki ko fadama. Kuɗin suna tafiya ga amalanke, da ruwa, da abincin ƴan gayya. Irin wannan dakali yana son sabon yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko.

Hanya ta 2: ƙasa a ciki, siminti a sama

A gina gefe da dutse ko marmara idan akwai su kusa. A cika ciki da ƙasa. A zuba siminti a sama, kaurin santimetir 5, kamar yatsa uku. Kwaɓin shi ne: awo 1 na siminti, awo 2 na rairayi, awo 4 na tsakuwa. Dakalin misalin nan zai ci kamar buhu 3.

Hanya ta 3: bulon siminti

Gefe duka bulo, sama siminti. Ana bukatar bulo wajen 60 tare da na tushe. Buga bulo, da jera shi, da zubin sama za su ci kamar buhu 6. Ga kuma ladan magini, wanda ya fi na sauran hanyoyin.

Lissafin kuɗi

Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 20 su ne tan ɗaya. Ana yin siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗinsa. Ta yanka tan ɗaya jikka 57 a Maraɗi, wato buhu dala 570. Da wannan kuɗi, buhu 3 jikka 8 ne da dala 110. Buhu 6 kuwa jikka 17 ne da dala 20. Kafin siminti ya iso ƙauye akwai kuɗin mota. Saboda haka mai gida ya tambayi kuɗin ranar a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, sannan ya yanke shawara. Ya taɓa buhun da hannu. Simintin da ya yi ƙulu-ƙulu ya sha raɓa, ba ya da sauran ƙarfi.

Abu 4 da suka fi siminti

Na ɗaya, kirɓi. Kada a zuba ƙasar ciko gaba ɗaya. A zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a kirɓa da taɓarya, a ƙara. Idan ciko ya zauna daga baya, simintin sama zai tsage, kuɗi sun tafi banza.

Na biyu, gangare. Dakali ya karkata waje, kaurin yatsa ɗaya a kowane metir. Idan ya karkata wajen bango, shi da kansa zai kashe ɗakin.

Na uku, tsayi. Kada dakali ya fi dokin ƙofa tsayi. In ya fi shi, ruwa cikin ɗaki zai shiga. Inda indararo yake zuba, a sa dutse mai faɗi.

Na huɗu, shayarwa. Sabon siminti yana son ruwa safe da yamma har kwana 7. A rufe shi da tsohuwar tabarmar kaba don rana. Inda rijiya take da zurfi ko nisa, a lissafa wannan ruwa tun farko.

Dakalin bakin zaure yana shiga hanya. A shawarci maƙwabci da mai gari, kada a tare wa ruwan unguwa mafita, ya koma gidan wani.

Wace hanya ta fi?

Dakalin ƙasa da aka kirɓa sosai, aka ba shi gangare, ya fi na siminti da aka yi da gaggawa. Wanda yake da rarar kuɗin wake ko gyaɗa, hanya ta 2 ta ishe shi. Wanda ba ya da ita, ya yi na ƙasa bana, ya zuba siminti baɗi idan Allah ya hore. Ciko ma ya zauna ke nan. Amma kada a buɗe rumbu don dakali. Hatsin da aka saida da arha a kaka, da tsada ake sayo shi lokacin noma. Daidai ruwa, daidai tsaki.