A Yi Wa Wutar Hunturu Wuri A Gida

Duk wanda ya taɓa bin Titin Zariya da asubahin watan Janairu, ya ratsa Gyadi-Gyadi ya nufi Tarauni, ya san abin da zan faɗa tun ban faɗe shi ba. Hazo ya lulluɓe gari, fitilun motoci sun yi dishi-dishi, iska tana tsaga leɓe kamar aska. A bakin kowane lungu kuwa ga 'yar wuta: ta mai shayi, ta mai ƙosai, ta masu gadi da suka kwana suna ƙona kwali da guntayen katako, ta almajirai da suka tsinto kara. Kowace wuta da mutanenta, sun kewaye ta a tsugune, sun miƙa tafin hannu. A wannan lokaci sanyin Kano da dare yakan sauka zuwa wajen digiri 13, wani daren ma ya yi ƙasa da 10. Ga Bature wannan ba kome ba ne, amma ga mai kwana a kan tabarma ƙarƙashin rufin kwano, ɗari ne na sosai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani abokin karatuna ya yi mini kwanan baya. Na ba shi labarin yadda muke jin ɗumi a gidan kakata, sai ya yamutse fuska ya ce wai har yanzu muna wannan ƙauyancin, ga warin hayaƙi a tufafi. To, jama'a, wannan abokin nawa tare muka karanta littattafan Turawa a sakandare, tare muka yi sha'awar dattijon Ingila da ke zaune gaban murhun falonsa, da littafi a hannu, kare na kwance a gefe. A can wayewa ce, a Tarauni kuwa ƙauyanci. Alhali wuta ɗaya ce, itace ɗaya ne, ɗari ne kuma ya tara mutane a nan da can. Bambancin kawai shi ne Bature ya gina wa wutarsa mazauni a jikin bango, ya fitar mata da bututun hayaƙi ta saman rufi. Ko shi ma sai da ya ji jiki: a watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya turnuƙe birnin Landan, dubban mutane suka mutu, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Bai rushe murhun ba, sai ya sake masa doka da makamashi.

Bari in gaya muku abin da nake karewa, don kada a ce ina kare toka. A gidan kakata, idan an sauke tuwon dare, ba a kashe wutar murhu. Inna takan kwashi garwashin a kasko ta kawo bakin rumfa, a ɗora guntun icce guda a kai don ya daɗe yana ci. Kaka ce ke fara zama, ta ja zane ta rufe kafaɗa, ta dube ni ta ce, “Maigida, matso mini da kaskon nan, ko so kake matarka ta daskare?” Sai yara su taru, kowa da abin da ya ɓoyo: wannan dankali, wancan gyaɗa, a tura cikin rushi a jira. Baba, wanda duk shekara a zaure yake cin abincinsa tare da maƙwabta, a wannan lokaci yakan shigo ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna a cikinmu. A nan na fara jin labarin Gizo da Ƙoƙi. A nan kuma, da na ƙara wayo, na ji yadda aka sha farin 1973, da yadda unguwarmu take tun tana gonaki da kududdufai, da dalilin da ya sa wasu danginmu ba sa ga maciji da juna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka kira ni aka zaunar da ni don a faɗa mini. Wuta ce ta riƙe mutane wuri guda har maganar ta fito da kanta.

Ku duba da kyau, a duk gidajenmu na yau wannan ne kaɗai zaman da fuska ke kallon fuska. Talabijin yana jera mu sahu guda kamar 'yan makaranta, waya kuwa ta raba kowa da ɗakinsa. Kasko ne ya rage mai zaunar da mutane a kewaye, mai tilasta wa babba da yaro su matsa wa juna. Watanni biyu ko uku kacal muke samunsa a shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Amma fa ba zan yi ƙarya don ƙaunar al'ada ba. Wutar nan tana kisa, ba kuma ta hanyar gobara kaɗai ba. Hunturun da ya wuce, a wani gidan haya kusa da mu a Gyadi-Gyadi, wasu samari uku 'yan ci-rani suka shigar da kaskon gawayi ɗaki, suka toshe taga da tsumma, suka ja ƙofa suka kwanta. Allah ya sa maƙwabcinsu ya zo tashinsu sallar asuba, ya ƙwanƙwasa shiru, aka ɓalle ƙofa. Da ransu aka kai su asibiti, suka farfaɗo, amma ɗayansu ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Mutanen gidan suka ce iska ce ta shafe su. Iska ce kam, sai dai ba ta aljannu ba. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, waɗanda mutum zai ɗauka mura ce, mai barci kuwa ba ya jin kome. Garwashin da ya yi ja, ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya nuna, shi ma yana fitar da ita. Ko a cikin tsofaffin al'adunmu akwai na dubawa: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da wankan ruwan zafi, da kunun kanwa.

To, laifin wa? Ni a ganina ba na kasko ba ne, na ginin da muka koma ne. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana shan zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa a hankali da dare, saboda haka mai kwana a soro ba ya buƙatar wuta a gefen shimfiɗarsa. Ɗakin bulo da kwano kuwa tanda ne a bazara, randa ne a hunturu. Daɗin daɗawa, tsakar gida, inda wutar take zaune lafiya a sarari, ita ce abu na farko da mai gidan haya yake cinyewa. Kowane taku na fili ya zama ɗaki, abin da ya rage siririn lungu ne da ba ya ɗaukar ko turmi, wani gidan ma an hana hura wuta a cikinsa sam. Mun kori wuta daga tsakar gida, ɗari kuma bai fasa zuwa ba. Ina talaka zai kai ta in ba ƙuryar ɗaki ba? A ce masa ya sayi na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, wannan ba'a ce ga wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a garin nan.

Akwai kuma masu cewa jin ɗumi ne ke cinye daji. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi da itace, ana kuwa ƙona kilo biyar na icce ko fiye kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Sai dai girki ne ke cin wannan, sau biyu ko uku kullum, shekara zagaye. Kaskon kakata ragowar garwashin tuwo ne. Ba kuma dole ne mai ƙona icce ya zama mai kashe itatuwa ba. Binciken da malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka buga a 1990 kan itacen wuta a Kano ya nuna cewa manoman da ke kewaye da birni suna tattalin itatuwan gonakinsu, suna sassabe rassa su bar gindi. A ƙasar Maraɗi kuwa, daga 1983 zuwa gaba, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma maimakon a tumɓuke shi, har gawo da danginsa suka sake rufe miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Suna jin ɗumi, suna girki, itatuwansu kuma suna ƙaruwa. Mu a unguwarmu darbejiyar ƙofar gida muke sarewa don a kafa shago.

'Yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wannan magana tamu ce, don cikinmu ne za a sami masu zana gidaje, da masu sa hannu a takardar izinin gini, da duba-gari, da masu shirye-shiryen rediyo. Ina roƙon mai zane ya bar wa gida tsakar gida kome ƙanƙantarta, da rumfa mai buɗaɗɗen gefe inda kasko zai zauna, da 'yar kafar iska a saman bangon kowane ɗaki wadda tsumma ba ya kaiwa. Mai sa hannu kada ya amince da gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da babu inda za a tsuguna a waje. Mai rediyo ya fara gargaɗi tun watan Nuwamba, da Hausar da mai gadi da ɗan ci-rani za su gane: a ji ɗumi a waje, a kashe garwashi da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta, wanda kuma ya ji ciwon kai a ɗakin da ke da gawayi ya fito nan take, ya fito da na kusa da shi.

Abokin nan nawa dai na gayyace shi gida ranar Alhamis da dare. Ya zo da rigar sanyi mai tsada, ya tsaya nesa-nesa. Kaka ta dube shi ta ce, “Kai ɗan boko, wutar ba ta cizo.” Ya matso. Sai ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi, da toka a gwiwar wandonsa da rabin dankali a hannu, yana tambaya ko gobe ma za a hura.