Wai Ina Yaron Nan Ya Samo Kuɗin Fiyano?

A hutun da ya wuce na je wani biki a unguwarmu, can Maraɗi. An kafa sono a bakin titi, an jera kujeru, ƙanena ɗan shekara 17 yana tsaye bayan fiyano yana kaɗawa. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda bai san ɗakinmu ɗaya da yaron ba, ya karkata ya ce wa abokinsa: "Wai yaran ga ina suke samo kuɗin kayan nan? Wanga abu ai ya fi ƙarfin albashin mushe." Abokin ya taɓe baki ya ce: "Kai dai bari, Allah ya shirya." Ban tanka ba, don ba a koya mini katse manya ba. Amma maganar ta biyo ni har Yamai, shi ya sa zan amsa ta a nan.

A ajin nazarin harshe an nuna mana cewa akwai jimlar da ke sanye da rigar tambaya alhali hukunci ce. Ta dattijon nan irinta ce. Ya riga ya yanke a ransa: ko sata, ko ƙwaya, ko wata hanyar da ba a faɗi gaban yara. To ni zan ɗauke ta kamar da gaske yake son ya sani.

Mu fara da lissafi. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Fiyanon da ƙanena ke mafarki, ƙirar Yamaha, kwance ba sabo ba, na raka shi mun taya, mai shago ya tsaya a jika 300. Ke nan albashin wata bakwai cur da ɗoriya, in mutum bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Ba a yi maganar ampili, lasifika, makirufo, wayoyi, da injin da za a tayar in an ɗauke wuta ba. Kayan kuma ba a nan ake ƙera su ba. Ko su shigo ta Kano, ko su biyo kwantena daga bakin teku, kuma duk ranar da aka rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi a 2019, ko kamar yadda muka gani bayan Yulin 2023, kuɗinsu sai ya ƙara tashi. Dattijo yana da gaskiya a wuri ɗaya: yaro ba ya iya saye. Inda ya ɓata shi ne zaton da ya yi cewa yaron ne mai kayan.

Fiyanon da ya gani na haya ne. Mai shi wani ne da ke da kayan sono yana ba da su ga masu biki. Ƙanena ya yi shekara biyu yana ɗaukar masa lasifika a ka, yana naɗe waya, yana kwana gadin kaya, kafin a bari ya taɓa fiyanon, shi ma sai bayan an tashi daga biki, mutane sun watse. Haka ya koya, da tsakar dare, da sauti ƙasa-ƙasa. Yau shi ke kaɗawa, amma in an tashi, mai kaya ya kwashe kuɗin haya da rabin liƙi, yaro ya koma gida da jika biyu. Ku raba 300 da biyu. Dare 150 ke nan, a garin da biki ke da lokacinsa, kuma da sharaɗin kada ya sayi ko da takalmi.

Waccan hanya ta farko ke nan, kuma ita ce ta mafi yawa. Ta biyu gumi ne tsagwaronsa. Akwai wanda ke kabu-kabu da rana don ya tara kuɗin gita. Akwai mai turin baro a kasuwa. Akwai wanda yayansa ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya, ko ya bi ayarin masu haƙar zinariya da suka kwarara Jado tun 2014, ya aiko masa da kwamfuta kwance. Na san wanda uwarsa ta sayar da tunkiyarta a ɓoye, ta ce kada babansa ya ji. Duk wanda ya kalli irin wannan kaya ya ce "Allah ya shirya", bai san bakin wa ya zaga ba.

Ta uku ita ce ke hana ni barci: ubangida. Wani alhaji ko ɗan siyasa ya ji yaro yana da murya, ya kira shi, ya ce me kake so. Washegari ga fiyano a kwali. Ba a rubuta kome ba, ba a ce bashi ne ba. Amma tun daga ranar harshen yaron ya shiga jingina. In zaɓe ya zo shi zai yi waƙar da za a zagi abokin hamayya. In maigida ya canza jam'iyya, waƙa ma ta canza. In yaro ya ce yana son ya yi waƙa kan tsadar hatsi ko kan ajin zana da ruwa ke kwashewa, sai a tuna masa wa ya saya masa abin da yake kaɗawa. Bashin kuɗi yana da ranar ƙarewa. Wannan kuwa sai ranar da maigida ya gaji da kai, ya aiko a ɗauke kayansa.

Ta huɗu ita ce situdiyo. Yaro ba shi da kaya, sai ya je wurin mai kwamfuta da FL Studio, galibi wadda aka fasa ba a saya ba. Mai situdiyo ya ce kada ka damu da kuɗi, shiga ka rera. Ƙanena ya taɓa shiga irin wannan. Bayan wata biyu ya ji kiɗan da ya tsara a bakin wani mawaƙi da ya fi shi suna. Da ya je ya yi magana, aka ce masa: "Da kwamfutar wa ka yi?" Ya dawo ya ce mini: "Yaya, ashe in ba ka da kaya, abin da ke kanka ma ba naka ba ne."

Yanzu bari in juyo kan masu wa'azin "baiwa ta isa". Da ka buɗe baki kan tsadar kaya sai su jefo maka Mdou Moctar: ai shi da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, ga shi yau yana zaga duniya. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma don Allah ku ƙarasa labarin. A Sakkwato ya je ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya ji, ya neme shi, ya kuma kawo masa gita irin ta bahagwai. Bombino ya fara ne da gitar da ƴan uwa suka bari a gidansu lokacin da suke gudun hijira a Aljeriya. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad, can wajen Abalak, da gitar ɗan uwanta ta koya. A kowane labari akwai hannun da ya miƙo kaya. Gitar birkin keke ta nuna yaro yana da zuciya, amma ba da ita Mdou ke hawa dandali yau ba. Kuma don mutum ɗaya ya haye kogi da iyo, ba hujja ba ce a ce kada a gina gada. Waɗanda ruwa ya ci ba a ba da labarinsu a rediyo.

Abin da ya fi ba ni haushi, a matsayina na mai karatun harshe, shi ne yadda bakinmu da kansa ke cutar yaran nan. Ku saurari kalmomin. Makaɗi da mawaƙi mun saka su a buhu ɗaya mun rubuta "maroƙa", daga roƙo. Aikinsu kuma mun ce "wasa": an je wasa, an tashi daga wasa. Tela yana da kuɗin ɗinki. Magini yana da kuɗin aiki. Mai kabu-kabu ma kafin ka hau sai kun yi ciniki. Makaɗi kuwa "goro" ake ba shi, ko "alheri", ko "ɗan na shan ruwa". Abin da aka kira alheri ba a cinikinsa, ba a kai ƙara a kansa, in an hana ka ma sai dai ka yi godiya. Mun raɗa wa sana'a sunan bara, mun hana ta farashi, sa'an nan mun dawo muna mamakin ina mai ita ya samu jari. Wanda ya ce kiɗa iskanci ne da safe, shi ne da yamma zai aika a nemo masa masu sono don bikin ɗiyarsa, kuma shi ne zai yi ta ja-in-ja kan jika biyar.

Kada mu ɗalibai mu yi dariya, muna ciki. Sau nawa ƙungiyoyinmu suka shirya makon al'adu, aka ware kuɗin kujeru, kuɗin lemo, kuɗin bugun takarda, da aka zo kan yaran da za su yi kiɗa sai aka ce "ai tallata ku za mu yi"? Wa ya taɓa sayen igiyar gita da talla? Waƙa ta fito yau, gobe tana cikin wayoyinmu duka ta WhatsApp, ba wanda ya ba da ko dala. Muna rubuta dogayen maƙaloli kan ƴancin al'adu da kishin harshen uwa, amma yaron da ke rera Hausa da Zabarmanci da Tamashek a gabanmu, muna son sa kyauta.

Za a ce mini su ma yaran suna da laifi, kuma na yarda. Akwai mai son kaya don hoto, ya ci bashi ya sayi abin da bai iya kunnawa ba. Akwai mai raina gurmi da goge da kalangu, yana ganin sai abin da aka sa wa wuta ne kiɗa, alhali Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai igiya ɗaya ya cika duniya, Malam Maman Barka kuma da gurmi ya yi suna kafin ya je ya koyo biram a bakin tafkin Cadi. Wannan gaskiya ce, ina kuma faɗa wa ƙanena ita. Sai dai masu bikin da ke yabon kayan gargajiya a baki, in za su ɗauki makaɗa, fiyano suke tambaya. Yaro yana bin inda abinci yake. Kuma ko kalangun ma ba a tsintar sa a bola, sai an biya mai sassaƙa da mai fata.

Hukuma fa? Muna da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989. Muna da gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987. Madalla. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Yaro ɗan lise ba zai je can koyon fiyano ya dawo ya kwana gida ba. Gasa kuwa girbi ce. Ana zuwa a zaɓi wanda ya riga ya iya, a ba shi kyauta, a ɗauki hoto. Wa ya yi shukar? Mai sono da ya sa shi dako shekara biyu.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira kowa ba.

Na ɗaya, adashe. Iyayenmu mata da shi suke aurar da ɗiya. Fada mai mutum goma da ke kashe kuɗi kan shayi da kati kullum, in ta ga dama za ta iya sayen fiyano ɗaya cikin shekara, ya zama na kowa, a rubuta ranar kowa a littafi.

Na biyu, gidajen matasa da al'adu da ke garuruwanmu su buɗe ɗakin aron kayan kiɗa, kamar yadda ake aron littafi. Gita biyar, fiyano biyu, gurmi, kalangu, da mutum ɗaya mai kula. Kuɗinsa bai kai na liyafar buɗe taro guda ba. Mu je mu nema a rubuce, da sa hannunmu, mu koma mu sake nema.

Na uku, takarda. Duk yaron da zai shiga situdiyo ko zai karɓi kaya daga hannun wani, a rubuta: na wa ne, aro ne ko kyauta ko bashi, nawa ne, waƙar ta wa ce. A rubuta da Hausa, harshen da yaron da uwarsa ke ji, ba da Faransancin da zai sa hannu bai gane ba. Wannan aikinmu ne, mu ƴan sashen harsuna. Shafi ɗaya ya isa, injin da ya buga ɗan littafin nan zai buga shi. Mu kuma nuna musu hanyar BNDA, ofishin da ke kare haƙƙin masu fasaha, don da yawansu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Na huɗu, mu gyara bakinmu. In mun kira makaɗi, a yi ciniki tun kafin ya ɗauko kaya, a kira abin da sunansa: kuɗin aiki. Ƙungiyar ɗaliban da ba ta da kuɗin makaɗa ta yi taronta ba kiɗa.

Shi kuwa dattijon, in Allah ya sake haɗa mu, zan durƙusa in gaishe shi, in ce: Baba, kayan nan ba na yaron ba ne, na haya ne, kuma jika biyu zai koma da ita gida. In kuna son ya mallaki nasa ta hanyar da ba za ku ce "Allah ya shirya" ba, to ga shi nan tsaye, bikin ɗiyarku yake yi wa aiki. Ku biya shi.