Wai Butulci Ne Mawaƙi Ya Yi Faifansa Shi Kaɗai?

Jama'a, akwai wata kalma da muke saurin jifan mutum da ita, ita ce "butulu". Da zarar an ji cewa wani mawaƙi ya bar 'yan ƙungiyarsu ya shiga situdiyo ya fitar da albam da sunansa shi kaɗai, sai ka ji an hau shi da zagi: ya ci amana, ya ga kuɗi idonsa ya rufe, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina ganin masu yanke shi ko dai ba su san tarihin waƙar da suke saurare ba, ko kuwa akwai abin da suke karewa.

Mu fara daga gida. Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ai ba daga sama ya faɗo da kotsonsa ba. A bayan mahaifinsa Usman Ɗankwande ya fara amshi a ƙasar Maradun, da mahaifin ya kwanta dama kuma sai ya ci gaba a ƙarƙashin wansa Kurna yana mataimakinsa. Daga baya ya ware ya kafa tasa ƙungiyar da nasa 'yan amshin, har muryarsa ta kai gaban Sardauna Ahmadu Bello da manyan sarakunan Arewa. To wa ya taɓa kiran Ɗankwairo butulu? Da ya tsaya yana amsa wa wansa har tsufa, da waƙoƙin nan da gidajen rediyo suke sa mana har gobe babu su. Ba gidansu kaɗai ba, haka sana'ar take tun asali: yaro ya yi shekaru yana amshi, ya koyi karin murya, ya koyi yadda ake saƙa zambo da habaici, ran da ya isa sai maigida ya sallame shi ya sa masa albarka. Ɗanmaraya Jos ma ai shi da kuntiginsa ne kawai har ya koma ga Allah a 2015, ba ɗan amshi ko ɗaya, kuma ba mu ji an ce ya raina jama'a ba.

Abin tambaya shi ne, wa yake cin ribar wannan ihu na "butulci"? Ba mai saurare ba ne, domin shi ƙaruwa ya yi, da yana da ƙungiya ɗaya yanzu yana da murya biyu. Wanda yake cin riba shi ne ogan da yake so yaro ya dawwama a bayansa, ana biyansa abin da aka ga dama, ba ya iya ɗaga kai don kada a ce ba shi da tarbiyya. Ku tuna yadda waƙar fim ɗin Hausa take a farkon shekarun 2000. Su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim su ne suke kashe murya a gaban makirfo, amma a bakin 'yan kallo waƙar ta jarumin da ya motsa leɓe ce a allo. Sai da irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef namu na nan Kaduna suka riƙa fitar da albam da sunansu da hotonsu a jiki, sannan talaka ya gane cewa mai muryar ma mutum ne mai suna. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin mun ga labarai da yawa da aka mayar fim aka manta da wanda ya ƙona fitilarsa ya rubuta.

Na san abin da za a kawo mini, za a ce to ga 2Face. Ina sane. A nan Barnawa, a 2004 da 2005, ba shagon aski ko na mai sayar da kaset da za ka wuce ba ka ji African Queen tana tashi ba, kuma gardamar da samari suke yi ke nan, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba: ya kyauta ko bai kyauta ba da ya bar Plantashun Boiz? Su uku ne, shi da Blackface da Faze, sun yi albam biyu tare, sannan ya fitar da Face 2 Face a 2004 a kamfanin Kennis Music, shekara ta zagayo ya karɓi kambun MTV na gwarzon mawaƙin Afirka. Rigimar da ta biyo baya ta daɗe, har ta kai gaban alƙali, sai a 2019 suka sasanta a wajen kotu. Amma ku duba da kyau a kan me aka yi ta. Kukan Blackface a kan haƙƙin rubutun waƙa ne, wa ya tsara me, nawa ne rabon wa. Wannan magana ce ta takarda da sa hannu, wadda da an zauna an yi ta tun ranar farko da ba a kai ga lauya ba. Ita kanta fitar ba ita ce ta jawo shari'a ba, tunda su ukun sun sake haɗuwa sun yi albam a 2007, kuma Faze da Blackface kowannensu ya fitar da nasa shi kaɗai.

A Amurka ma an yi irinta. Dan Auerbach, mai jita kuma mawaƙin ƙungiyar The Black Keys ta garin Akron, su biyu ne rak shi da mai ganga Patrick Carney. A 2009 ya fitar da nasa albam, Keep It Hid, Carney kuwa ya ji zafi ƙwarai, yana cewa ba a gaya masa ba. Kun ji inda gizo yake saƙa: rashin sallama. Da suka zauna suka wanke zuciya, sai suka yi Brothers a 2010, wanda ya ci kambun Grammy, ya kuma kai su inda ba su taɓa zuwa ba. Yawon da Auerbach yake yi a wajen ƙungiya shi ne ma ya amfani maƙwabtanmu, domin shi ya tsara wa Bombino, Buzun nan na Agadas, albam ɗinsa Nomad a Nashville, wanda ya fito a 2013. Da an ɗaure shi da igiyar "kar ka ci amana", da wannan aiki bai samu ba.

Masu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya suka faɗa, sai dai sun ɗora ta a inda ba wurinta ba. Babu albam ɗin da mutum ɗaya yake yi. Ko an rubuta suna ɗaya a bango, akwai mai fiyano da ya kwana yana haɗa kiɗa, akwai yarinyar da ta yi amshi aka sallame ta da kuɗin mota, wani lokaci akwai wanda ya rubuta baitocin gaba ɗaya aka saye bakinsa. In ana neman wanda za a kira butulu, to a nemi mawaƙin da ya ɗora waƙa a YouTube miliyoyi suka kalla, bai sa sunan waɗannan a ƙasa ba. Irin wannan kuwa sau da yawa bai taɓa barin ƙungiyar kowa ba, shi ne ma yake zaune a kujerar oga, yana faɗa wa 'yan jarida cewa yaronsa ya ci amanarsa.