Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ƙasa (NACA)

Ranku ya daɗe,

Ina so mu tattauna kan makonnin farko na kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Kun fi ni sanin cewa ƙwayar nan dangi-dangi ce. A Turai da Amurka nau'in B ya fi yawa, kudancin Afirka nau'in C, gabashinta A da D. Mu a Najeriya namu G ne da ruwa-biyun da ake kira CRF02_AG. Kuma halinsu ya bambanta. A Botsuwana an ga wasu masu nau'in C da ƙwayar ke ci gaba da cika jininsu watanni bayan kamuwa, lokacin da ya kamata a ce ta lafa. A Mombasa ta Kenya kuwa, binciken da aka fitar a 2007 ya nuna matan da ke ɗauke da nau'in D sun fi masu A saurin mutuwa, alhali yawan ƙwayar a jininsu kusan ɗaya ne. Ashe awon jini kaɗai ba ya faɗin duk labarin.

To namu fa? Yawancin abin da likitocinmu suka karanta kan farkon kamuwa daga jinin mutanen wasu ƙasashe aka samo shi. Ga cibiyar bincike ta NIMR a Yaba, ga ta IHVN a Abuja, ga asibitocin koyarwa na Kano da Jos, duk suna da ƙwararru. A ware musu kuɗi su bi sababbin kamuwa tun daga makon farko, su gaya mana yadda G da CRF02_AG ke hawa da sauka.

Sai dai kafin a bi mutum, sai an same shi. Mako biyu zuwa uku bayan kamuwa ƙwayar kan kai miliyoyi a mililita ɗaya ta jini, kuma a lokacin ne ta fi saurin yaɗuwa. Mai ita yana jin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya je kemis ɗin unguwa, a ƙulla masa maganin maleriya a leda. Ko an soki yatsansa an ɗiga jini a tsinken gwaji, layi ɗaya zai fito, alamar babu cutar, domin jiki bai riga ya samar da abin da tsinken ke nema ba. Yanzu da Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024, irin wannan ango zai kai wa waliyyi takarda mai hatimi, kowa ya ce Alhamdulillahi.

Na'urorin GeneXpert da aka raba don tarin fuka suna iya gano ƙwayar kanta. A ba ma'aikatan lafiya izinin amfani da su ga mai zazzaɓin da ba maleriya ba, in dai ya shiga haɗarin kamuwa kwanan nan. Masu gwajin aure kuma a umarce su su riƙa cewa a dawo a maimaita.

Naku,
Wani ɗan ƙasa daga Kano