Da "A Bari Tukuna" Ake Cinye Gonar Matar Mamaci

A Zamfara ba wanda zai fito fili ya ce mace ba ta gadon gona. A jihar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, kowa ya san matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i ta riga ta yanke. Saboda haka ba a musun hukuncin, jan ƙafa ake yi har mai haƙƙi ta gaji.

Akwai wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada da ta yi gudun hijira daga wani ƙauyen Tsafe bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta. Ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta aika a yi maganar rabo. Wan mijin ya ce gandu ne, tun kakanni ba a taɓa sa masa igiya ba. Ta sake aikawa, ya ce ai yarinya ce, gobe za ta yi aure ta kai musu gona gidan wani. Yanzu shi ke nomewa, da kaka ya aiko mata da tiya biyar ta dawa a ƙullin buhu, har yana jiran godiya. Ita kuwa wankau take yi tana ciyar da marayun ƙanensa.

Bana ya zo da sabuwar hujja: shi ya biya harajin da ɓarayin daji suka ɗora kafin a bari a yi girbi. Ya biya, ban musa ba. To, a cire daga amfanin gonar mana. Yaushe kuɗin da aka ba ɗan ta'adda ya zama kuɗin sayen gonar marayu?

Ko an yarda a raba, sai a yi wa gonar kuɗi a zaure, ba ta nan, ba wakilinta. Fadamar bakin gulbi wajen Bungudu, mai ba da albasa da tumatir da rani, a ƙimanta ta kamar tudu. In mata huɗu mamacin ya bari, tumuni ɗayan nan za su raba. Me ya rage?

Masu cewa yanka gona gutsi-gutsi yana kashe ta suna da gaskiyarsu. A bar ta a haɗe, amma da an fita takaba dagaci da liman su zauna, matar ko wakilinta na nan, a biya bashi har da ragowar sadakinta in akwai, a rubuta kason kowa, a ba ta takardarta. Kowace kaka a auna mata nata daidai kasonta. In wani ya ƙi, Hisba ta raka matar gaban alƙali, don yawancin matan nan ko kuɗin mota daga Gusau zuwa Tsafe ba su da shi.