RA'AYINMU: LOKACI YA YI DA ZA MU BUƊE WA ƊAN MAJALISARMU LITTAFI

Babu wani ɗan kasuwa a Sabo ko Bodija ko Shasha da zai ba da kaya bashi bai rubuta ba. Mai goro yana da littafinsa, dillalin shanu a kara yana da nasa, hatta mai shayi ya san wanda ya sha bai biya ba. Amma abu mafi tsada da muke bayarwa bashi, wato ƙuri'armu, shi ne kaɗai ba mu ajiye masa littafi ba. Duk bayan shekara huɗu sai mu fito ƙwanmu da kwarkwatarmu, mu yi layi cikin rana, mu danƙa wa mutum amanar wakilci, daga nan kuma shi ke nan sai wani zaɓen. Wannan takarda tana ganin lokaci ya yi da al'ummar Hausawa mazauna Ibadan da kewaye za su fara bin diddigin 'yan majalisar da ke wakiltar unguwanninsu: me suka faɗa a zauren majalisa, wane ɓangare suka bi da aka zo ƙuri'a, kuma ina kuɗin da aka ware da sunan mazaɓa suka shiga.

Abin takaici shi ne da yawa daga cikinmu sun fi sanin 'yan majalisar Kano da Katsina da Sakkwato a kan wanda ke wakiltarsu a nan. Za ka iske magidanci ya shekara talatin a Sabo, ya haddace rigingimun siyasar garinsu tsaf domin rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, amma ka tambaye shi sunan ɗan Majalisar Dokokin Jihar Oyo mai wakiltar unguwarsa sai ya yi shiru. Alhali kuwa wannan majalisa mai mutum 32 da ke zama a Sakatariya ita ce ke yin dokar da ta shafi rumfarsa da babur ɗin ɗansa da makarantar 'yarsa. Sanatan garinsu, komai kirkinsa, ba shi da bakin magana a kan harajin kasuwar Bodija.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2019 Jihar Oyo ta yi dokar taƙaita kiwon sake, a 2020 aka yi dokar kafa rundunar Amotekun, a Legas kuma an hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020, aka sake tsaurarawa a 2022. Ba muna cewa duk waɗannan matakai sharri ba ne, kowace jiha tana da haƙƙin tsara al'amuranta. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, lokacin da ake muhawara a kansu, mutum nawa daga cikinmu suka san ranar sauraron ra'ayin jama'a? Wa ya kai takardar matsayarmu? Kuma wanda muka zaɓa, me ya ce a ranar? Haka kuma da rikicin kasuwar Shasha ya auku a watan Fabrairun 2021, aka yi asarar rayuka da dukiya, gwamnoni huɗu sun taso daga Arewa sun zo jaje, kuma mun gode musu. Sai dai sun koma gida. Wanda ya rage tare da mu, wanda doka ta ɗora wa nauyin tashi a majalisa ya yi magana a kan diyya da sake gina kasuwa, shi ne ɗan majalisar yankin.

Mun san akwai dattawanmu da ke ganin cewa baƙo ba ya yawan tambaya, a zauna lafiya a nemi abinci ya fi. Muna girmama wannan ra'ayi domin waɗanda ke faɗarsa sun ga abin da ba mu gani ba. Amma an kafa Sabon Ibadan tun 1916, akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Wanda ke biyan haraji yana jefa ƙuri'a, idan ya tambayi wakilinsa abin da ya yi da amanar da aka ba shi, bai yi rashin kunya ba, kuma bai tsokani kowa ba. Maƙwabtanmu Yarabawa ma irin wannan tambayar suke yi, domin kwatar da ta toshe a Sabo ba ta tsayawa a Sabo.

To, ta ina za a fara? Mafi sauƙi shi ne halartar zama. Tsarin Mulki ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma ɗan majalisar da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zaman ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana iya rasa kujerarsa. Sannan kowace majalisa tana fitar da takardar jadawalin abin da za a tattauna a ranar, da takardar abin da aka zartar, da kuma babban kundin da ake kira Hansard, inda ake rubuta maganar kowa kalma da kalma. Zaman Majalisar Dattawa da ta Wakilai kuwa ana nuna shi kai tsaye a intanet, duk yaron da ke da waya zai iya kallo. Ƙungiyoyi irin su PLAC da OrderPaper suna tattara bayanan ƙudurorin doka da sunayen waɗanda suka gabatar da su. A nan sai mu yi hattara da abu guda: yawan ƙuduri ba shi ne aiki ba. Akwai masu tara ƙudurori barkatai, galibi na a kafa wata makaranta ko wata hukuma, a yi musu karatun farko su mutu a nan, amma ranar yaƙin neman zaɓe a buga su a fosta. Ƙuduri ɗaya da ya kai ga zama doka ya fi hamsin da suka kwanta a kwaba.

Batun ƙuri'a shi ne mai wuya, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin abin da majalisunmu ke zartarwa da murya ake yi: shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma. A cikin wannan hayaniya babu mai iya cewa ga abin da wane ya zaɓa, kuma 'yan majalisa da dama sun fi son a bar shi haka. Amma akan samu ranakun da labule ke yayewa. A ranar 15 ga Yulin 2021, da ake muhawara a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage sai an kira suna ɗaya bayan ɗaya. Sanata 52 suka goyi bayan a gindaya wa hukumar zaɓe sharaɗi, 28 suka ƙi, wasu 28 kuma ba a gan su a zauren ba, washegari jaridu suka buga sunan kowa. Masu shekaru za su tuna 2006, lokacin tazarcen Obasanjo, yadda aka riƙa nuna muhawarar a talabijin kowane sanata yana tashi yana faɗar matsayarsa jama'ar mazaɓarsa suna kallo, har aka yi watsi da ƙudurin a ranar 16 ga Mayu. Idon jama'a ne ya yi wannan aiki.

Akwai kuma ƙuri'un da suka shafe mu kai tsaye. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi ƙuri'a a kan gyare-gyaren Tsarin Mulki, cikinsu har da wanda zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, kuma bai samu shiga ba a ranar. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a wata jiha damar zama ɗan asalinta, daga baya ya janye shi saboda sukar da ya sha. Duk magidancin da ɗansa ya taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali aka ce ya koma garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, ya san abin da wannan ƙuduri ke nufi gare shi. Haƙƙinmu ne mu san matsayin wakilanmu a kansa. Inda kundi bai nuna ba, sai mu rubuta musu wasiƙa mu tambaya, mu ajiye amsar. Idan ba a amsa ba, shi ma mu rubuta cewa ba a amsa ba, da kwanan wata.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce jama'a suka fi son ji. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai naira miliyan 21, alhali hukumar da ke tsara albashin masu muƙamai ta ce albashi da alawus ɗin sanata naira miliyan ɗaya ne da 'yan kai. A cikin kuɗin gudanarwar nan har da na ofishin mazaɓa da ma'aikatansa, saboda haka tambaya ta farko mai sauƙi ce: ina ofishin yake, kuma ana buɗe shi?

Bayan wannan akwai ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara a kasafin kuɗin tarayya. Ɗan majalisa shi ke zaɓen aikin da wurin da za a yi shi, wata ma'aikata ko hukuma ta ba da kwangila. Marigayi Shugaba Buhari da bakinsa ya faɗa a 2019 cewa an ware naira tiriliyan ɗaya a cikin shekara goma ba a ga abin a zo a gani ba, kuma a wannan shekarar ce hukumar ICPC ta fara zagayen duba irin waɗannan ayyuka, ƙungiyar BudgIT ma tana da shirin Tracka mai irin wannan aiki. Kasafin kuɗin ba sirri ba ne, Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sa shi a intanet. Wanda ya iya kwamfuta zai iya neman sunan unguwarmu a ciki, ya ga ko an rubuta rijiyar burtsatse ko ajujuwa ko fitilun kan titi, da adadin kuɗin, sannan a taka a je a gani da ido. Wannan ne ma zai raba mu da wata al'ada, inda akan kawo mana keken ɗinki da injin markaɗe da kuɗin gwamnati, mu kuma mu yi ta godiya da addu'a kamar daga aljihun mutum suka fito. Buhun shinkafar azumi da ragon Sallah da akan aiko gidan manya kuwa, a karɓa idan an ga dama, amma kada a shigar da su shafin aiki.

Inda aka rufe mana ƙofa, doka ta ba mu mabuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma wajibi ne a amsa cikin kwana bakwai. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta shafe su.

Wasu matasanmu sukan yi saurin ambaton kiranye. Gaskiya ne sashe na 69 da na 110 sun tanade shi, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajistar zaɓen mazaɓar ba. Mu da muke tsiraru a mazaɓunmu, kada mu ɓata ƙarfinmu a nan. Inda ƙarfinmu yake shi ne ranar da ɗan takara zai shigo fadar Sarkin Hausawa da tawagarsa neman ƙuri'a, ya iske an ajiye masa takarda shafi biyu a gabansa: ga abin da ka yi alkawari, ga abin da muka gani. Wannan kuma ba zai yi tasiri ba sai katin zaɓenmu na nan ne. Masu kati a garuruwansu na asali alhali a nan suke kwana suke tashi, hukumar zaɓe ta ba da damar sauya rumfa idan an buɗe rajista, ya kamata su yi tunani a kai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da su kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar ko bakwai sun isa, a sa ɗalibanmu na jami'a da kwaleji da suka iya Turanci da Yarabanci, a sa dattijo ɗaya ko biyu, kuma kada a bar mata a baya domin su suka fi sanin halin da asibiti da famfo ke ciki. Sharaɗinmu shi ne kada wanda ke riƙe da muƙamin jam'iyya ya shiga, kada a rubuta jita-jitar majalisar shayi, komai sai da takarda ko hoto ko kwanan wata, kuma wanda ya yi abin kirki a rubuta masa kamar yadda za a rubuta wa wanda ya gaza. Kafin a buga komai a aika wa ɗan majalisar kwafi a ba shi mako biyu ya kare kansa. A namu ɓangaren, wannan takarda za ta ware shafi guda duk bayan wata uku domin rahoton kwamitin, za mu kuma fara da sunayen sanata da ɗan Majalisar Wakilai da ɗan majalisar jiha da kansilan kowace unguwa da mutanenmu ke zaune, tare da inda ofisoshinsu suke.